A Bi Diddigin Kakanninmu da Suka Yi Soja da Aikin En'e a Zamanin Turawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana masu karatu a kan wani al'amari da na ga muna sakaci da shi, wato bin diddigin tarihin iyaye da kakanninmu waɗanda suka yi aikin soja, ko aikin gwamnati, ko aikin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, tun daga shigowar Turawa har zuwa samun mulkin kai a 1960. Gidaje da yawa a Arewa suna da irin waɗannan mutane a zuriyarsu, amma in ka tambayi jika abin da ya sani, sai ya ce maka an ce kakansu ya je yaƙin Burma, ko an ce shi ne malamin haraji a gunduma kaza, daga nan magana ta ƙare. Bai san shekarar da aka ɗauke shi ba, bai san bataliyar da ya zauna ba, bai san hakimin da ya yi wa aiki ba. Alhali kuwa da yawa daga cikin mutanen nan an rubuta su a takarda, kuma takardun suna nan a ajiye. Sai dai abin da zai kai mutum gare su a cikin gida yake, a bakin tsofaffi da cikin tsofaffin akwatuna, kuma wannan ɓangaren ne yake salwanta duk lokacin da aka yi wata jana'iza ko aka raba wani gado.

Ya kamata mai bincike ya fara sanin cewa ɗaukar mutanenmu soja ya girmi mulkin Turawa a ƙasar Hausa. A 1863 wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas, wadda da yawan mutanenta bayi ne 'yan Arewa da suka gudu daga iyayengijinsu, aka riƙa kiransu Hausawan Glover, kuma an tafi da irinsu yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Kamfanin Neja, wanda ya sami takardar izinin mulki a 1886, shi ma ya kafa tasa rundunar, sannan a 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAFF. Wannan runduna ce ta ci Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, ta kuma yi yaƙin Burmi a watan Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Hafsoshinta Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, kuma Hausa ita ce harshen bariki, har ta kai ga an wajabta wa hafsoshin su koye ta.

A yaƙin duniya na farko an tura sojojin Nijeriya Kamaru, inda suka gwabza da Jamusawa daga 1914 zuwa 1916 a wurare irin su Garwa da dutsen Mora, daga nan kuma aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda suka yi asarar mutane masu yawa a yaƙin Mahiwa a 1917. A yaƙin duniya na biyu kuwa, wato yaƙin Hitila, su ne suka taso daga Kenya suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, suka bi ta Harar har aka kai Addis Ababa a watan Afrilu. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Burma suka yaƙi Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, aka kuma ware bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka shiga cikin dakarun musamman da ake kira Chindit a 1944. Sunayen barikokin da muke wucewa kullum ba mu tambaya, irin su Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Dodan da Myohaung a Legas, da Letmauk a Ibadan, duk daga wannan yaƙin aka samo su. Saboda haka idan tsohuwa ta ce mijinta ya ƙetare teku sau biyu, ko ta ce ya je Habasha kafin ya je Burma, kada a ɗauki maganar a matsayin ruɗewar tsufa, domin da gaske akwai waɗanda suka yi yaƙe-yaƙen biyu. Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa, ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya, ya yi yaƙin Habasha da na Burma, ya ajiye aiki a 1953.

Babbar matsalar da mai bincike zai ci karo da ita ita ce suna. Mai ɗaukar kurata yakan tambayi mutum sunansa da garinsu, sai ya haɗa su biyun ya rubuta, shi ya sa rajistar soja ta cika da su Audu Kano da Musa Bauci da Garba Sakkwato, har a sami masu suna ɗaya birjik a bataliya guda. Rubutun ma yadda kunnen Bature ya ji ne, Muhammadu ya koma Momo ko Mama, Ibrahim ya koma Braima, Katsina ta koma Katsena, Barno ta koma Bornu. Ban da haka, akwai waɗanda suka sauya suna da gangan, ko don sun gudo daga bauta, ko don sun shiga soja ba da yardar iyayensu ba, akwai kuma waɗanda ba Hausawa ba ne amma aka rubuta su da sunan Hausa saboda a nan suka sami shiga. Garin da ke jikin sunan ma wani lokaci babban birnin lardin ne, mutumin kuwa ɗan wani ƙauye ne mai nisa da shi. Abin da ba ya rikicewa shi ne lambar soja, domin kowane soja da tasa, kuma a lokacin yaƙin Hitila lambobin 'yan Nijeriya da haruffan NA suke farawa, na 'yan Gwalkwas, wato Gana ta yau, kuma da GC. Wanda ya sami lambar kakansa ya yi rabin aiki, wanda bai samu ba zai daɗe yana lalube a tsakanin masu suna iri ɗaya.

Don haka nake roƙon jama'a su fara daga gida kafin su yi tunanin Kaduna ko Landan. A duba takardar sallama da ake bai wa soja ranar barin aiki, wadda kan ƙunshi lambarsa da muƙaminsa, ko farabiti ne ko kofur ko saje ko samanja, da ranar shiga da ranar fita, da shaidar halinsa. A duba littafin fansho, da tsofaffin wasiƙu na boko da na ajami, da bayan hotuna, inda sau da yawa akan rubuta wuri da shekara. A duba lambobin yabo da kyau, domin na yaƙin farko an buga sunan mai ita da lambarsa da rundunarsa a gefen ƙarfen, haka ma lambar yaƙe-yaƙen Afirka da aka ƙirƙiro a 1902, wadda ke da ɗan ƙarfe a jikin ƙyallenta mai ɗauke da sunan yaƙin da shekararsa. Taurarin yaƙin Hitila kuwa, irin su tauraron Burma da tauraron Afirka, ba a buga musu suna ba, amma ko su kaɗai sun isa su nuna fagen da mutum ya je. Kada a goge su da toka ko yashi don su yi ƙyalli, saboda hakan yana cinye rubutun, kuma kada a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, domin kuɗin da za a samu bai kai abin da za a rasa ba.

Daga nan sai a zauna da tsofaffi, kuma ina ganin mata sun fi cancanta a fara da su. Kaka ko gwaggo da ta tashi a bariki takan tuna sunan magajiyar da ke kula da matan sojoji, da garuruwan da aka yi ta sauya musu, da laƙabin da sojoji suka sa wa Baturensu, da kirarin da ake yi wa mai gidan, kuma irin waɗannan bayanai ba su cikin wani fayil. Tsofaffinmu ba da lissafin shekarun Miladiyya suke riƙe tarihi ba, da sarauta da manyan abubuwa suke riƙe shi, amma ana iya mayar da wannan zuwa lamba ba tare da wahala ba. Idan aka ce a zamanin Sarkin Kano Abbas, to tsakanin 1903 ne da 1919, idan aka ce zamanin Abdullahi Bayero, daga 1926 ne zuwa 1953. Sarkin Katsina Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta auku a 1913 zuwa 1914, jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, Sarauniyar Ingila ta zo hawan daba a Kaduna a 1956. A ɗauki muryar tsoho a waya da izininsa, a rubuta ranar da aka yi hirar, kuma a bar maganarsa yadda ya faɗe ta ko da ta saɓa wa ta wani, domin daga baya takarda za ta iya raba gardamar.

Wanda kakansa ya tafi bai dawo ba yana da wurin da zai fara dubawa ko daga wayarsa. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta sa sunayen mamatan yaƙe-yaƙen duniya biyu a intanet, ana bincikawa kyauta da suna ko lamba ko runduna. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Rangoon na Burma, wanda yanzu ake kira Yangon, akwai bangon tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Nijeriya da dama a ciki. Amma dole a faɗi gaskiya cewa ba kowa aka rubuta ba. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar da kanta ta kafa ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa ma har 350,000, waɗanda suka mutu a yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su ba sam, har ministan tsaron Birtaniya ya ba da haƙuri a gaban majalisa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan dako, masu ɗaukar kayan yaƙi a ka, waɗanda cuta da wahala suka kashe fiye da harsashi. Idan mutum bai ga sunan kakansa a can ba, wannan bai ƙaryata labarin gidansu ba.

A gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan akwai katunan lambobin yabo na yaƙin farko a rukunin WO 372, da takardun da hafsoshi suka rubuta suna neman a ba soja lambar jarunta a rukunin WO 373, waɗanda ke bayyana abin da mutum ya yi a fagen fama dalla-dalla, kuma ana samun da yawansu ta intanet. Akwai kuma littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, na Burma suna rukunin WO 172. Ba kasafai suke ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma idan an san bataliyarsa, za a san kogin da suka ƙetare da tudun da suka kwana a rana kaza. Fayil ɗin kowane soja baƙar fata kuwa, galibi ba a kai shi Landan ba, an bar shi a ƙasashen da aka ɗauki sojojin, shi ya sa takardar sallamar da ke cikin akwatin gida take da daraja haka.

Aikin gwamnati a zamanin Turawa hawa biyu ne, kuma rashin bambance su yana ɓatar da mai bincike. Akwai ma'aikatan gwamnatin Turawa kai-tsaye, su Razdan da Di'o da akawuna da tafintoci da masinjoji da ma'aikatan reluwe da gidan waya, kuma manya daga cikinsu ana buga naɗinsu da sauyin wurin aikinsu da ritayarsu a gazet da littafin jerin ma'aikata. A farkon zamani akawunan ofis yawanci daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo suke, 'yan Arewa sun fi yawa a aikin jakadanci tsakanin Bature da sarki, irin su Adamu Jakada da sunansa ya shahara a Kano. Hawa na biyu shi ne En'e, kuma a nan ne mafi yawan kakanninmu suka yi aiki, su hakimai da dagatai da alƙalai da muhutai da ma'aji da malaman haraji da na jangali da na daji da na asibiti, da dogarai da 'yan doka da gandirobobi. Tun da aka kafa baitulmali wajen 1911 aka yanka wa masu muƙami albashi, sai aikin ya zama na rubutu, ana tsara kasafin kuɗi kowace shekara, ana rubuta naɗi da tuɓewa da tara da ƙarin girma.

Wurin neman waɗannan shi ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, wanda Kenneth Dike ya assasa a 1954, mai manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. A reshen Kaduna an jera fayilolin ofishin Sakataren Lardunan Arewa a ƙarƙashin SNP, na larduna kuma kowanne da sunansa, kamar KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF, saboda haka sai mutum ya san lardin da garinsu yake a wancan lokaci, wanda ba lallai ne ya dace da jihar yau ba. Katsina ma kanta sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa. Rahotannin ƙiyasta haraji da littattafan gunduma sun fi komai amfani, domin a cikinsu Di'o yakan rubuta salsalar gidan hakimi da sunayen dagatai da unguwanni. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wanda kakansa ya yi boko ya nemi rajistar makaranta, tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa da aka buɗe a 1909, zuwa Kwalejin Katsina wadda ta koma Kaduna a 1938 sannan Zariya a 1949, inda kowane ɗalibi yake da lambar shiga, zuwa makarantar shari'a ta Kano ta 1934 wadda ta yaye alƙalai masu yawa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939, ita ma ta buga labaran naɗe-naɗe da na yaƙi da wasiƙun jama'a da Hausa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa takardun nasu sojojin a hannun Faransa suke, musamman a cibiyar adana fayilolin sojoji da ke garin Pau.

Sai dai a karanta rahoton Bature da lura. Idan ya rubuta cewa hakimi kaza malalaci ne, mai yiwuwa haka ne, mai yiwuwa kuma hakimin ya ƙi matsa wa talakawansa ne a shekarar fari, idan kuma ya yaba wa wani da ƙwazo, a tambayi mutanen ƙasar yadda suka ji a jikinsu. Wanda ya rubuta takardar yana da buƙatarsa, kamar yadda mai ba da labari a gida yake da tasa.

Na san abin da ke hana wasu gidaje taɓa wannan magana, kuma ban raina shi ba. Mutum yana iya bin diddigi ya tarar kakansa yana cikin waɗanda suka harbi mutanen Satiru, ƙauyen da ya yi wa Turawa tawaye kusa da Sakkwato, a 1906, ko ya tarar dagacin da yake alfahari da shi ne ya tara samarin ƙauye aka kai su haƙar kuza a Jos a lokacin diban gwamna, wato aikin tilas na 1942 zuwa 1944, inda da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Wani kuma zai tarar asalin shigar kakansa soja gudun bauta ne, abin da gidan ya daɗe yana rufewa. Ra'ayina shi ne a rubuta abin da aka samu yadda yake, a kuma rubuta halin da mutumin ya sami kansa a ciki, domin wasu talauci ne ya kai su, wasu hakimi ne ya cika adadin da aka yanka masa da su, wasu kuma neman girma da albashi ne, kuma hisabinsu yana wurin Allah. Jikan wanda ya yi hijira gabas bayan Burmi da jikan wanda ya riƙe bindiga a ɗaya ɓangaren yau maƙwabta ne, wataƙila ma surukai, kuma tarihin da aka rubuta da sunayen sarakuna da Turawa kaɗai bai bayyana yadda aka yi hakan ta kasance ba. Abin da bai dace ba shi ne a tona abin da zai kunyata rayayyu a bainar jama'a ba tare da shawarar manyan gida ba, ko a ƙara wa mamaci muƙami da jaruntar da takarda ba ta ba shi ba.

Takardun da suka haura shekara ɗari ba za su jira mu ba, ga gara, ga laima, ga gobara. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, takardun baitulmali da na ofisoshin hakimai da rajistar kotunan alƙalai sun rarrabu a hannuwa daban-daban. Ina kira ga majalisun sarakuna da hukumomin tarihi na jihohi su tattara abin da ya rage, su ɗauki hotonsa a kwamfuta, su tsara jerin sunaye yadda talaka zai iya dubawa. Ina kira ga sassan tarihi na jami'o'inmu su riƙa tura ɗalibai su rubuta kundin kammala karatu a kan gidajen tsofaffin sojoji da ma'aikatan En'e na garuruwansu. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ma, wadda ake tunawa da ita kowace ranar 15 ga Janairu, tana da tsofaffin rajistocin mambobinta a rassanta, kuma ya kamata a kwafe su tun suna karantuwa.

Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka ware wani ɗan fili ko da sau ɗaya a wata, inda masu karatu za su riƙa aiko da sunan da aka rubuta kakansu da shi, da lambarsa ko muƙaminsa, da garin da ya yi aiki, da hoton takarda ko lambar yabo in akwai, domin malaman tarihi da sauran masu karatu su taimaka da abin da suka sani.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya.